Zaƙami a Kofin Auta

A gefen layin dogo na Agege, daga bayan rumfunan masu goro har zuwa inda ake zubar da shara, zaƙami da kansa yake fitowa duk damina. Ba mai shuka shi, ba mai ba shi ruwa. Furensa fari ne dogo, 'ya'yansa da ƙaya a jiki, in sun bushe su fashe su zubar da ƙwayoyi. Tun muna yara iyayenmu suke ja mana kunne a kansa. Yarbawan unguwa suna ce masa gegemu, mu kuma wani lokaci mu ce haukata-yaro. Ko akuya ba ta kula shi. Ɗan Adam da Allah ya ba hankali shi ne yake tsinkowa ya zuba wa ɗan'uwansa a abin sha don a samu abin dariya.

Ni 'yar Agege ce, a nan aka yanke mini cibi. Babanmu mahauci ne, ya biyo shanu a jirgin ƙasa ya zo Ikko tun yana saurayi, bai sake komawa ba. Innarmu ta riga shi rasuwa, da shi ma ya tafi sai ya bar mu mu biyu, ni da ƙanena da kowa ke kira Auta. Aurena ya mutu na dawo gida, ina dama kunun zaƙi da zoɓo ina sayarwa a ƙofar gida. Auta kuwa ya gaji wuƙar Baba da gurbinsa a mayanka. Ba don ƙanena ba ne, amma yaron nan yana da hannu. In ya feɗe rago, fatar za ta fito ba huda ko ɗaya, masu sayen fata har rububinta suke yi. Ba shi da surutu, ba ya shan ko taba, abin da ya sani daga mayanka sai masallaci sai gida.

Sai kuma ɗan Gwaggo. Gwaggo yayar Baba ce, tana zaune a layin da ke bayan namu, ɗanta kuwa okada yake ja. Shi ɗan mace, mu 'ya'yan namiji, saboda haka taubashinmu ne, kuma tun tasowarsa ya riƙe taubasantakar nan kamar sana'a. Ya fizge wa Auta hula a gaban mutane, ya ɓoye masa takalmi a masallaci, ni kuma ya riƙa ce mini matarsa da ta ƙi tarewa. Ba dama ka yi fushi. In ka ɓata rai, kai za a yi wa dariya, a ce ba ka san zumunci ba.

A daminar shekarar da soja suka koma bariki aka yi bikin wani abokinsu. An kafa rumfa an tare hanya, ana ta kiɗa, samari sun yi ɗinki iri ɗaya. A nan ɗan Gwaggo ya miƙa wa Auta zoɓo. Ni ba na wurin, ina cikin gida wajen mata, sai na ji ihu ya canza, ba irin na biki ba. Da na fito na tarar da ƙanena a tsakiyar titi ba riga, yana ƙoƙarin cire wando, yana tsintar wasu abubuwa a iska yana zubawa a aljihun da babu. Idonsa ya buɗe baƙi ƙirin, jikinsa zafi rau, leɓensa ya bushe. Yana magana da Baba, yana ce masa ya matsa saniya za ta taka shi. Mutane sun kewaye shi, wasu har da riƙe ciki. Da na rufa masa mayafina ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

An ce zaƙami kwana biyu ne ko uku ya sake mutum. Sauran samarin da aka taɓa zuba wa haka suka yi, suka wartsake, har suna ba da labarin kansu ana shewa. Auta bai wartsake haka ba. Ganin abubuwan ya wuce, amma tsoro ya zauna. Ya daina barci, in aka buga ƙofa sai ya zabura, wani lokaci ya zauna ya zuba wa bango ido har azahar ta wuce. Na kai shi wurin malamai, na kai shi asibiti, aka ba shi ƙwayoyin da suka sa shi dalalar da yawu. Sai da damina ta wuce rani ya yi nisa sannan ya fara dawowa, kaɗan-kaɗan.

Na je gidan Gwaggo a lokacin, raina kamar ya fita. Tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ke 'yar nan, wasa ne fa. Taubashinsa ne. Su wane da wane ba a zuba musu ba? Ga su nan garau. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dama can kan yaron nan ba ƙwari, dangin uwarku akwai mai irin wannan."

Ƙarya take yi, ba mai taɓin hankali a dangin Innarmu. Amma maganar ta fita, kafin mako ya zagayo duk unguwa ta haddace ta.

Da Auta ya ji ƙarfi ya koma mayanka, sarkin fawa ya kira shi gefe. Dattijo ne, abokin Baba, ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi ba ni haushi, don da mugu ne da na san yadda zan zage shi. Ya ce yankan wanda ba ya cikin hankalinsa mushe ne, kowa ya san wannan, kuma ba zai ciyar da Musulmi abin da ake kokwanto ba. Ga gari ana zaman ɗar-ɗar tsakaninmu da masu gari, ba zai bar wuƙa a hannun wanda aka gani tsirara a titi ba. Ya ce Auta ya ajiye wuƙa ya koma wankin tumbi da hanji. In Babbar Sallah ta wuce, wata Sallar ta zagayo, ba a ga komai ba, shi da kansa zai tsaya a kansa ya yi yanka a gaban jama'a.

Wankin tumbi aikin masu koyo ne. Ɗan mahaucin da ake layi a gaban teburinsa ya koma durƙuso a bakin kwata, hannu cikin kashin shanu. Bai yi musu ba. Ya naɗe wuƙar Baba a tsumma ya sa a ƙarƙashin katifa. Yaran unguwa in sun gan shi sai su fara tsintar iska suna zubawa a aljihu, manya su yi kamar suna tsawatarwa alhali bakinsu na rawa da dariya. Ni dai duk yaron da na kama sai ya ji a kunnensa, har uwayensu suka daina sayen kununa na wani lokaci. Ban damu ba.

Abu ɗaya ya rage masa daga ciwon. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Auta ya daina shan komai daga hannun kowa. Ko a gidan suna, ko a masallaci lokacin buɗa-baki, ko ruwan leda ne a ɗaure, ba ya karɓa. Yana da wani kofin silba mai murfi, na Innarmu ne, ni kaɗai nake zuba masa abu a ciki in miƙa masa. In ƙishi ya kama shi a mayanka haka zai haƙura har ya dawo gida, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ruwa." Ina jin daɗin wannan, ba zan ɓoye ba. Duk duniya ni kaɗai ya yarda da hannuna.

Sallar farko ta wuce lafiya. Ana shirin ta biyu, raguna sun fara cika kasuwar Alaba Rago, sai ga baƙi daga jami'a.

Wata likita ce, Bayarbiya, doguwa mai furfura a gaban goshi, da wani ɗalibinta ɗan kudancin Kaduna da yake yi mata tafinta. Sun bi ta hannun sarkin fawa, kamar yadda ya dace. Wai bincike suke yi a kan abubuwan da ake sha su juya tunani su sa mutum gane-gane, da abin da suke bari a ƙwaƙwalwa bayan sun sake shi. Ba su zo ba wa kowa komai ba, tambaya kawai suke yi, suna ɗauka a wata 'yar rikoda. Da suka ce suna neman wanda zaƙami ya taɓa bugarwa, duk majalisa baki ɗaya aka nuna ƙofar gidanmu.

Ni na ƙi. Na ce ƙanena ba biri ba ne da za a zo kallonsa daga jami'a. Auta ne ya lallashe ni.

"Yaya, ki bari. Likitar ƙwaƙwalwa ce fa, ta jami'a. In ta faɗa da bakinta a gaban sarkin fawa cewa ganyen ne ba kaina ba, wa zai sake cewa gado ne?"

Na daɗe ban ga idonsa da haske haka ba. Na yarda.

Aka shimfiɗa tabarma a zaurenmu. Likita ta so a ba su wuri su kaɗai, amma wa zai kori dattawa daga zauren abokinsu marigayi? Sarkin fawa ya zauna, liman ya zauna, 'yan majalisa suka cika bakin ƙofa, ɗan Gwaggo ya jingina okadarsa ya shigo har ciki tunda gidan kawunsa ne. Auta ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ya ba da labari tiryan-tiryan, abin da ya tuna da abin da aka gaya masa, bai rage ba bai ƙara ba. Matar nan ta saurare shi da kyau, in ya tsaya ta ce masa, "Pele, Malam." Ban da ni, rabon da wani ya ce masa sannu a kan abin nan har na manta.

Da ya gama sai ya gyara zama ya ce wa tafinta, "Ka tambaye ta. Ganyen ne ya yi mini wannan, ko dama akwai abin a kaina?"

Ɗalibin ya juya maganar. Likita ta ba da amsa. Ina jin Yarbanci kamar Hausa, Turancin ma ina tsinta, saboda haka na riga kowa jin amsar, na kuma so in toshe bakin tafintan kafin ya faɗa.

"Madam ya ce ba zai iya yanke magana ba," in ji shi da irin Hausarsu. "Ya ce ganyen guba ne, wannan gaskiya. Amma me ya sa wani yana tashi da wuri, wani yana daɗe, ba a sani ba tukuna. Shi ne abin da muna nema."

Gaskiya ta faɗa, na sani. Amma na ga kafaɗar Auta ta sauka, na ga 'yan bakin ƙofa suna kallon juna. A wurinsu wannan na nufin ko jami'a ba ta wanke shi ba.

Liman ne ya tambaya ko akwai amfanin da irin waɗannan abubuwa suke yi. Ta ce a ƙasashen waje an taɓa samun likitocin da suka gwada wasu daga cikinsu a kan masu fama da baƙin ciki mai tsanani, da yardar marasa lafiyar, ana zaune da su ana lura da su, kuma har yanzu ba a gama sanin gaskiyar abin ba. Ta ɗaga yatsa ta ce amma ban da zaƙami, shi ba magani ba ne, yana kisa. Tafinta ya faɗi duka, bai rage ba. Sai dai kowa abin da yake so shi yake ji.

"A'a!" in ji ɗan Gwaggo, ya tafa hannu. "Wato Turawa ma ba wa mutum suke yi su zauna suna kallo? Ashe ni ma dokita ne ban sani ba! Madam, abeg, a ba ni satifiket."

Zaure ya kwashe da dariya, har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Likita ta tambayi abin da aka ce, ɗalibin ya ce wasa ne kawai. Ta yi murmushi irin na baƙon da bai gane ba, ta ce za su dawo wani mako su ƙarasa.

A tsakanin nan Auta ya je Alaba Rago ya sayo rago. Tun Baba na da rai shi yake yi wa Gwaggo layya, da ya rasu Auta ya ɗora, ko a shekarar da ba ya yanka sai da ya saya aka yanka mata. Wannan karon fari ne mai baƙin kai, ya ɗaure shi a tsakar gidanmu. Sarkin fawa ya aiko cewa alkawari na nan, ranar Sallah in an sauko idi zai zo da mutanensa, Auta ya kwantar da ragon nan da hannunsa, washegari ya koma teburinsa. Ranar da saƙon ya zo Auta ya ciro wuƙar Baba daga ƙarƙashin katifa. Kullum da la'asar sai ya zauna a bakin rijiya da dutse yana gyara mata baki, ya gwada a gashin hannunsa, ya sake komawa. Har waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa.

Ranar da baƙin suka dawo da hantsi ne, rana ta fara zafi. Na dama kunu na musamman, da citta da kanumfari, na sa ƙanƙara. Na fara zuba na Auta a kofinsa na rufe, na ajiye a kan turmi, na ɗauki jug da kofunan baƙi na kai zaure. Ina dawowa na yi kiciɓis da ɗan Gwaggo a tsakar gida yana shafa bayan rago.

"Matata, ina nawa kunun?"

"Je ka sha a gidan uwarka," na ce masa.

Ya yi dariya ya fita. Na ɗauki kofin na kai wa Auta, na buɗe murfin da hannuna na miƙa masa. Ya karɓa bai ko duba ciki ba, ya shanye tas, ya ce, "Yaya, yau cittar ta yi yawa."

Ana cikin hira, likita tana tambayarsa yadda barcinsa yake yanzu, sai na ga yana lasar leɓe. Ya nemi ruwa na kawo, ya sha, ya sake nema. Maganarsa ta fara sarƙewa. Ya dubi tabarma ya ɗauke wani abu da babu, ya sa a aljihu. Wallahi a lokacin na gane abin da ya faru. Shi ma ya gane, don akwai ɗan lokacin da hankalin bai gama tafiya ba. Ya juyo ya dube ni, ya dubi kofin da ke gefensa, ya sake dubana. Daga nan ya miƙe ya fara gaisawa da Baba a bakin ƙofa.

Kafin ka ce kwabo ƙofar gida ta cika. Masu goro, 'yan okada, matan layi da goyo, yara a kan katanga. Auta ya fita titi yana jan farar rigarsa ta wuya, yana korar shanun da shi kaɗai yake gani. Ɗan Gwaggo ya tsaya a gaban likita, ya buɗe hannu kamar mai gabatar da amarya.

"Madam, oya, ga shi nan live. Ba sai an ba ki labari ba. Ki rubuta!"

Wannan ba ta buƙaci tafinta ba. Matar nan ta miƙe ta zazzaga masa Yarbancin da ban taɓa jin mai ilimi ta yi ba, ta ce masa mai kisan kai. Shi kuwa yana dariya yana cewa mutane, "Ku ji fa, an taimake ta tana zagi." Muciyar kunu na ɗauko na sauke masa a goshi, jini ya ɓalle, aka rirriƙe ni. Da ba a riƙe ni ba da yau wani labarin nake bayarwa.

Likita da ɗalibinta da wasu mutum biyu masu tsoron Allah suka kama Auta suka sa a motarta. Ina baya na rungume kansa, jikinsa kamar garwashi, zuciyarsa na bugawa a tafin hannuna. Da mota ta juya na hango sarkin fawa tsaye a ƙofar zaure, ya harɗe hannu a baya yana kallon ƙasa.

Ya yi kwana da kwanaki a asibiti. Matar nan ba ta gudu ba, kullum sai ta leƙo. Da ya farfaɗo ta zo unguwa da kanta, ta nemi sarkin fawa da liman, ta tsaya a zaurenmu ta ce abin da ya faru guba ce aka ba shi, kuma duk wanda aka ba abin da aka ba shi, ko ita ce, ko liman ne, haka zai yi. Maganar da Auta ya roƙa ke nan, ga ta an faɗa a gaban waɗanda ya so su ji, shi kuwa yana kwance ana ƙara masa ruwa. Dattawa suka gyaɗa kai, suka yi mata godiya, aka ba ta goro. Ta ce ba za ta sake kawo bincikenta unguwar nan ba, tunda zuwanta ne ya ba wani dalili. Ta riƙe hannuna ta ce in yafe mata. Ban ga abin da ta yi mini ba, kuma ban ga abin da yafewar za ta gyara ba.

Bayan ta tafi na tare sarkin fawa.

"Baba, ka ji da kunnenka. Zuba masa aka yi."

"Na ji, 'yata. Na kuma yarda."

"To alkawarin fa?"

Ya daɗe yana murza carbi. "Rabin masu sayen namanmu suna tsaye a titin nan ran nan. Ba su ji likita ba, shi suka gani. In na ba shi wuƙa, wa zai ci? Kuma wanda aka zuba wa sau biyu, me zai hana a zuba masa na uku, yana riƙe da wuƙa a cikin mutane? Ki yi haƙuri. Wankin tumbin ma abinci ne."

"Shi wanda ya zuba fa?"

"Wannan maganar gida ce. Tsakanin taubasai ba a shiga."

Na ce zan kai ɗan Gwaggo wurin 'yan sanda. Liman ya aiko, dattawan layi suka zo ɗaya bayan ɗaya. Wai a irin wannan lokaci Bahaushe ba ya kai Bahaushe caji ofis a garin mutane, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gwaggo kuwa ta aiko a gaya mini ni ce zan ba da haƙuri, tunda na fasa wa ɗanta goshi a kan wasa. Ɗan nata yana yawo da filasta yana nuna wa mutane, 'yan majalisa sun sa masa suna dokita, yana amsawa.

An sallamo Auta ana jibi Sallah. Wannan karon bai rasa barci ba, bai zuba wa bango ido ba. Hankalinsa ya dawo sarai, kuma da hankalin nasa ya ji hukuncin sarkin fawa daga bakina. Ya ce, "To." Ya shiga ɗaki.

Ranar Sallah aka sauko idi, layi ya cika da kabbara da kukan raguna. Ba wanda ya zo daga mayanka. Can sai ga Gwaggo da sabon leshi, ɗanta na biye da ita. Ta ce tunda ragon nata ne, kuma mai yankan ba dama, ɗanta zai yanka mata. Ya zo da wata wuƙar kicin da ko albasa sai ta yi gardama da ita. Ya gwada ta a babban yatsa ya yamutsa fuska, sannan ya ɗaga murya wajen ɗakin Auta.

"Taubashi! Ara mini ta kawu mana. Na ji an ce ka gyara ta."

Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin na ce sai dai a bi ta kaina. Sai na ji hannu a kafaɗata. Auta ne, da wuƙar Baba naɗe a tsummanta.

"Yaya, matsa. In ya yanka da waccan, dabbar ce za ta wahala."

Ya miƙa masa ta ƙota. Ya nuna masa yadda zai kwantar da ragon ya fuskanci gabas, ya nuna masa da yatsa inda zai ɗora wuƙar, sannan ya ja da baya ya harɗe hannu, don kada a ce hannunsa ya taɓa. Ɗan Gwaggo ya yi bismilla ya ja. Wuƙar ta wuce sumul, har shi kansa ya yi mamaki, ya ɗago yana dariya yana cewa ashe shi ma mahauci ne. Gwaggo ta yi guɗa. Aka tura wa Auta tumbi da hanji a roba, tunda aikinsa ne.

Ya durƙusa a bakin rijiya yana wankewa, rana ta take, gumi na zuba daga haɓarsa. Tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Na shiga na wanke kofin Innarmu da sabulu har sau nawa, na ɗebo ruwa daga randa a gabansa yana gani, ban rufe ba, ban ajiye ko'ina ba, na zo na tsaya a kansa.

"Auta, ruwa."

Ya ɗago ya dubi kofin. Ya dubi hannuna. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da na ji sauƙi.

"Na gode, Yaya," ya ce.

Ya tashi ya ɗauraye hannunsa, ya wuce ni ya fita zuwa famfon kan layi. Ina tsaye da kofin ina hango shi ta zaure, ya sunkuya a cikin yara, ya tara tafin hannunsa yana sha.